Darasin lafiya: Haila da lissafin kwanakinta

A Gangara, kamar ko'ina, mace takan yi shekara biyu da aure ba ciki, sai a fara cewa juya ce. Wani lokaci ba cuta ba ce, rashin sanin kwanaki ne.

Manomi shina sharar gona kafin damina. Haka jikin mace yake shirya mahaifa kowane wata. Masu ba da umurnin aikin wasu sinadarai ne da ke yawo cikin jini. Sunansu homon. Biyu suna fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, biyu daga jakar ƙwai ta mace.

Ana fara ƙirga daga ranar da jini ya zo. Ga mata da yawa zagayen kwana 28 ne. Amma daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne.

1. Jini. Tsohuwar shimfiɗar mahaifa tana zuba, kwana 3 zuwa 7.

2. Shiri. Homon na ƙwaƙwalwa yana nunar da ƙwai. Jakar ƙwai tana sakin istirojin, shi ke gina sabuwar shimfiɗa.

3. Fitar ƙwai. Homon na biyu yana ƙaruwa farat ɗaya, ƙwai guda ya fito. Wannan yana faruwa wajen kwana 14 kafin haila mai zuwa. A lokacin mace tana ganin ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa.

4. Jira. Furojastaron yana riƙe shimfiɗar. In ciki bai shiga ba, sai ya ragu, jini ya dawo.

Ƙwai ba ya wuce kwana ɗaya da rai. Iri na namiji yana kai kwana 5 cikin jikin mace. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki kamar 6 ne a wata. Mijin da ya tafi cirani Kano, ya zo gida ba a kan waɗannan kwanaki ba, kada ya zargi matarsa.

In jini ya wuce kwana 7, ko ya yi yawa har da jiri, ko ya ɗauke wata 3 ba ciki ba goyo, a je likita wurin unguwarzoma. In an shekara ana nema ba a samu ba, miji da mata su je tare.

Tambayoyi
1. Daga wace rana ake fara ƙirga?
2. Kwana nawa ƙwai yake yi da rai?
3. Yaushe ya kamata a je likita?