Darasi: Kiwon tumaki a gida da lafiyar ƙananan yara

Wannan darasi an shirya shi ne domin ƙungiyoyin mata, da magidanta, da masu faɗakarwa kan kiwon lafiya a garuruwan karkara na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A yawancin gidajen manoma akwai tunkiya ɗaya ko biyu a turke, wani lokaci da ragon da ake turkawa domin babbar salla. Duk da haka, ana samun gidan da ke da tumaki kuma yaron gidan yana fama da tamowa. Dalili shi ne amfanin dabba ba ya isa kwanon yaro da kansa. Sai an kula da ita kullum, an sayar da ita a lokacin da ya dace, kuma iyaye sun amince a kan abin da za a yi da kuɗinta.

Hanyoyin da tunkiya ke taimakon gida

Tunkiya ajiya ce mai ƙafa huɗu. Tana ɗaukar ciki wata 5, tana haihuwar ɗa ɗaya, wani lokaci tagwaye. Idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damana, ɗan rago guda yana iya sayo hatsin da zai kai iyali kaka. Kashinta taki ne ga gonar da ta gaji. Nononta da namanta abinci ne mai gina jiki. A gidaje da yawa tumakin na mata ne: sun same su ta gado, ko kyautar aure, ko asusu irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ko ta habbanaye, wato aron uwar dabba da aka gada daga Fulani, inda mai karɓa ke riƙe ƴaƴan ta mayar da uwar.

Irin tumakin da ake kiwo ya danganta da wuri. Balami, fari mai girman jiki da manyan kunnuwa, an san shi a yankin Maraɗi, yana da daraja a kasuwa amma yana son abinci da yawa. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, yana jure tafiya mai nisa. Ara-ara ta Buzaye ta saba da ƙarancin ciyawar arewa. Gidan da ba ya da harawa mai yawa ya fi dacewa ya riƙe tunkiya biyu masu ƙoshi da ya tara biyar masu rama.

Aikin kowace rana

Da safe, kafin a saki dabbobi ko a zuba musu abinci, mai kiwo ta tsaya ta dube su. Tunkiya mai lafiya tana miƙewa da sauri, tana tuƙa, idonta garau, hancinta ba majina mai kauri, kashinta ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta ware kanta, ta sunkuyar da kai, ta ƙi ci, ko gindinta ya ɓaci da zawo, tana bukatar kulawa a ranar.

Bayan haka a share turken, a tara kashin a rami ko a kusurwa guda nesa da madafa da randar ruwa. A tsince leda daga tsakar gida, domin dabba mai yunwa tana haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa alhali tana ci. A ba da ruwa mai tsabta safe da yamma. A lokacin zafi tunkiya tana shan lita 3 zuwa 5 a rana, mai shayarwa kuma ta fi haka. A ajiye kanwa ko gishirin lasa inda za su kai gare shi. A yi musu rumfa ko a ɗaure su a inuwar itace, domin rana tana rage musu ci.

Abinci a zuba shi a kwami ko tsohuwar tasa, kada a watsa a ƙasa inda za a tattake shi. Dusa a jiƙa ta kaɗan. Ragowar tuwo da tsabar hatsi a ba da su da awo: idan dabba ta cika ciki da su farat ɗaya, cikinta yana kumbura, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya. Duk sabon abinci a fara shi kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda.

Idan yara ne ke kai dabbobi kiwo, su karya kumallo kafin su fita, su tafi da ruwan sha, kuma kiwon kada ya hana su makaranta.

Shekarar mai kiwo

Da kaka ake shirya rani. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure su tun ganyen bai zube ba, a shanya, a ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki inda rana da gara ba za su lalata su ba. A tara kowar wake, da karan hatsi da na dawa, da dusar da ke fita daga surfe. A wannan lokaci harawa tana da araha. Wanda ya sayar da tasa duka da kaka yakan sake sayenta da tsada a bazara.

Da ɗari da rani, bayan hukuma ta sanar da sakin gonaki, dabbobi suna kalar abin da ya rage a saura. Nan ne gawo ke nuna amfaninsa: yana fitar da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, ƴaƴansa kuma abinci ne mai ƙarfi ga tumaki. Manoman Magariya da Matamai da suka bar gawo ya tsiro a gonakinsu, da na Maraɗi masu sassaben zamani, suna samun wannan abinci a gonarsu ba tare da sun saya ba.

Bazara ita ce lokacin wahala. Ciyawa ta ƙare, zafi ya tsananta. A fifita tunkiya mai ciki da mai shayarwa wajen rabon harawa da dusa. Uwar da ta rame a watannin ƙarshe na ciki tana haihuwar ɗa maras ƙarfi, nononta kuma ba ya isarsa.

Da damana gonaki sun rufe, saboda haka dabbobi suna turke ko suna hannun makiyayi. Mai kai su daji ya bi burtali, domin ɓarnar gona tana jawo tara da husuma tsakanin maƙwabta. Sabuwar ciyawar farkon ruwa tana sa zawo idan an ci ta da yawa da ciki wofi, don haka a fara ba su busasshen abinci kafin su fita. Turken kada ya zama taɓo, domin danshi yana ruɓar da kofato.

Lafiyar dabba

Cutar da ta fi kashe tumaki da awaki ita ce wadda malaman dabbobi ke kira PPR. Alamominta zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, tari da zawo mai tsanani. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi, kuma ma'aikatar kiwo tana zagayawa da ita kowace shekara. Ranar da masu allura suka zo gari, a kai dukan dabbobin da suka isa, kada a ɓoye ko ɗaya.

Maganin tsutsar ciki a ba da shi a farkon damana da ƙarshenta, bisa shawarar malamin dabbobi. A guji ƙwayoyin da ake tallarsu a rana a kasuwa ba tare da sanin asalinsu ba. Dabbar da aka yi wa allura ko aka ba magani, a tambayi malamin kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta. Sabuwar dabbar da aka sayo a ɗaure ta dabam har mako 2 zuwa 3 kafin ta haɗu da na gida.

Idan tunkiya ta haihu, a bar ɗan ya sha dakashi tun sa'o'in farko, domin shi ne kariyarsa daga cuta. Mahaifa da ɗan da aka yi ɓarinsa a binne su da zurfi. Kada a taɓa su da hannu tsirara, kuma mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko jini ya fito mata ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta. A sanar da malamin dabbobi.

Turkar rago da lokacin sayarwa

Turka tana ɗaukar kimanin wata 3. A zaɓi rago mai faɗin ƙirji da tsawon baya, wanda ya fitar da manyan haƙora biyu na gaba, alamar ya haura shekara. Masu sayen ragon layya ba sa karɓar gurgu, ko mai ido ɗaya, ko mai ciwo, ko ramamme. A fara da maganin tsutsa, sannan a riƙa ba shi harawa, dusa, kowa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya idan akwai hali.

Babbar salla tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ta faɗo a farkon watan Yuni, kuma a shekarun da ke biye tana ƙara shiga tsakiyar bazara, lokacin da abincin dabbobi ya fi tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai niyyar turka ta ƙidaya damman harawarta tun kaka. Kafin a sayi ragon a lissafa kuɗinsa, da na dusa, da na magani, a gwada da farashin da ake sa rai. Idan duk abincin saye za a yi, ribar tana iya ƙarewa a cikin ragon.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane gida ya sani. Daga watan Yuni zuwa Satumba hatsi yana tsada, dabbobi kuma sun rame, masu sayarwa sun yi yawa. Rago guda a lokacin yana sayen tiya kaɗan idan an gwada da abin da zai saya bayan girbi. A yunwar 2005 da ta 2010 iyalai da yawa sun rabu da dabbobinsu a kan kuɗi ƙalilan saboda sun jira har ƙarshe. Gidan da ya san hatsinsa ba zai kai kaka ba, gara ya sayar da rago tun yana da ƙiba, ya sayi hatsi da wake tun suna da sauƙi. A fara sayar da maza da tsofaffi, a bar matan da ke haihuwa.

Daga turke zuwa kwanon yaro

Jariri daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai yake bukata. Ba a ba shi ruwa, ba a ba shi nonon dabba. Daga wata 6 a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, a ƙara masa abinci: sau 2 zuwa 3 a rana daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9 zuwa 23. Kunun hatsi zalla mai ruwa-ruwa yana cika ciki amma ba ya gina jiki. A kaurara shi, a sa garin wake ko na ƙuli-ƙuli, da ɗan mai, da garin zogale ko kuka.

Tumakinmu ba su da nono mai yawa kamar akuya, kuma ɗan tunkiyar ne ke da haƙƙin farko. Idan an samu ragowa, nonon tunkiya yana da maiƙo da ƙarfi. A tafasa shi kullum kafin a zuba a kunun yaro, domin ɗanyen nono yana ɗauke da cututtukan da ke kama mutum.

Ranar suna da ranar layya nama yana shiga kusan kowane gida. A tuna da waɗanda suka fi bukatarsa: mai jego, mai ciki da yaran da ba su kai shekara 2 ba. Hanta tana ƙara jini tana kuma kare ido. Ɗan yanki kaɗan da aka dafa sosai aka murƙushe ya ishi yaro. A yanyanka wani kashi na naman, a busar da shi sosai, a daka, a ajiye a gwangwani mai murfi, a riƙa barbaɗa cokali guda a abincin yaro.

Idan an sayar da dabba, miji da mata su zauna su raba kuɗin tun kafin a kashe: kaso na hatsi da wake, kaso na abincin yara kamar ƙwai, mai da busasshen kifi, kaso na zuwa likita, kaso na mayar da wata dabba a turke.

Tsabta tsakanin dabba da yaro

Yaro mai rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Kashin dabbobi yana sa zawo, zawo mai maimaituwa kuma yana kai yaro ga tamowa ko da ana ba shi abinci. A raba turke da wurin wasan yara da ɗan shinge na kara. A shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsabta. Kwanon dabba dabam, na mutane dabam. A wanke hannu da ruwa da sabulu bayan sharar turke da tatsa, da kuma kafin dafa abinci ko ba yaro.

Uwa ta riƙa auna damtsen yaronta mai wata 6 zuwa shekara 5 da igiyar awo mai launi uku. Kore alamar lafiya ce. Rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, tana nufin a kai shi a duba shi. Ja, ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, tana nufin a kai shi likita a ranar. Kada a bar yaro a gida saboda ana jiran farashin rago ya tashi.

Tambayoyin tattaunawa

1. A garinmu, a wane wata harawa ta fi araha, a wane wata ta fi tsada?
2. Wa ke yanke shawarar sayar da dabba a gidajenmu, kuma ina kuɗin ke tafiya?
3. Ranar layya da ranar suna, wa ake fara ba hanta da tsoka?
4. Ina yaranmu ke wasa, kuma taku nawa ne daga nan zuwa turke?
5. Yaushe aka yi wa tumakinmu allurar rigakafi ta ƙarshe?