Gurbin Harshe a Haɗin Gwiwar Binciken Annoba: Darasi daga Madawa, Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Duk binciken annoba da ake yi tsakanin ƙasashe yana tafiya ne bisa wata doguwar sarƙa. Uwa a ƙauye ta ga alama a jikin ɗanta ta ba ta suna, ma'aikacin lafiya ya rubuta abin da ya ji da Faransanci, a ɗebi samfur a tura Yamai, daga nan sakamako ya isa Dakar ko Janeba ko Amurka, inda ake buga shi da Ingilishi. Ana kashe kuɗi masu yawa a kan na'urori da motoci da firji domin kada samfur ya lalace a hanya, amma ma'ana ma tana lalacewa a hanya, kuma ba kasafai ake ware mata kaso ba. Wannan maƙala ta dubi wurare huɗu da ma'ana ke zubewa: sunan cuta, kalmar rigakafi, neman yarda, da batun ajiyar samfur. Misalan sun fito ne daga gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, da wuraren da ke maƙwabtaka da su.

2.0 Yankin da Ayyukan da Aka Yi a Cikinsa

Gundumomin uku suna inda ƙasar Adar ke haɗuwa da Gobir, cikin zirin sanƙarau da ya ratsa Afirka daga Sanigal zuwa Habasha, wanda likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana iyakarsa a 1963. A kudu akwai iyakar Najeriya, a arewa kuma makiyaya, saboda haka mutane da dabbobi da cututtukansu ba sa daina kai-da-kawo.

Ayyuka huɗu sun isa misali. Na farko shi ne allurar MenAfriVac, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka jagoranci samar da ita tun 2001, kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa ta a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Na biyu shi ne ba yara maganin kariya daga cutar cizon sauro a lokacin damina, wanda ƙungiyar MSF da ma'aikatar lafiya suka fara a 2013 a Madawa da Buza da Magarya da Madarumfa da Gidan Rumji. Na uku shi ne binciken AVENIR a jihohin Doso da Tawa, tsakanin masanan Nijar da na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, wanda aka buga sakamakonsa a 2024. Na huɗu shi ne annobar zazzaɓin Kwarin Rift ta 2016 a Cintabaradan, arewa da Keita, wadda cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar. A tsakiyar aikin sa ido kan sanƙarau kuwa akwai cibiyar CERMES ta Yamai, inda ake tantance samfuran da gundumomi ke turawa.

3.0 Sunan Cuta

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan masu sanƙarau suka kai uku cikin kowane 100,000 a mako guda a shiga shirin ko-ta-kwana, idan suka kai goma a ayyana annoba. Lissafi mai ƙanƙanta haka yana iya sauyawa da mutum biyu ko uku, kuma zuwan waɗannan mutane asibiti ya dogara da sunan da aka ba ciwonsu a gida.

Kalmar sanƙarau ta samu ne daga aikatau sanƙare da ɗafa-ƙeyar -au, kamar yadda aka samu mantau daga manta. Suna ne mai bayyana kansa, domin yana nuna sanƙarewar wuya. Wannan ƙarfi nasa shi ne kuma rauninsa. Jariri mai wannan cuta sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono, jikinsa ya saki. Uwar da ta riƙe ma'anar kalmar da kyau za ta ce ba sanƙarau ba ne, kuma ta fuskar harshe ba ta yi kuskure ba.

Akwai kuma sunaye masu faɗin ciki. Masassara, wadda a Kano aka fi sani da zazzaɓi, tana ɗaukar duk wani zafin jiki. Shawara tana ɗaukar duk ciwon da ke sa ido ya yi rawaya, alhali a wajen likita wannan alama tana iya zama ciwon hanta, ko cutar cizon sauro mai tsanani, ko zazzaɓin shawara da ake shelar annoba a kan mutum guda. Bahaushe ya raba cututtuka bisa abin da ido ke gani, ɗakin gwaji ya raba su bisa ƙwayar da ta haddasa su, kuma iyakokin rabon biyu ba su dace da juna ba.

Mataki na uku shi ne cutar da ba ta da suna. Zazzaɓin Kwarin Rift ya samo sunansa daga Kenya, inda aka gano shi a farkon shekarun 1930. Sunan ba ya gaya wa makiyayin Azawak komai. Abin da makiyayi ke gani shi ne tumaki da awaki suna ɓari a jere, 'yan raguna suna mutuwa, sannan masu taɓa jini da mahaifar dabba su kwanta. A 2016 mutum fiye da 30 suka rasu. Saƙon da zai yi aiki a kasuwar dabbobi ta Keita ko Buza shi ne wanda ya fara da ɓarin dabbobi, kuma dole a shirya shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci a lokaci guda.

Karin harshe ma yana da nasa tasiri. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya yi littafi a kanta a 1991, tana cewa hwari da tahi inda Kano ke cewa fari da tafi, tana amfani da na da ta a gurbin ne da ce. Waɗannan ba sa hana fahimta. Kalmomi ne ke hanawa: a Nijar likita tana iya nufin gidan magani kansa, mai duba marar lafiya kuma lokotoro, ɗiya a rubuce tana iya zama 'ya mace guda ko yara baki ɗaya, tunda furuci ne ke bambanta su. Takardar tambayoyi da aka fassara da Hausar Kano, aka karanta ta a Buza, tana iya tara amsoshin tambayar da ba a yi ba.

4.0 Rigakafi: Kalma Ɗaya, Abubuwa Uku

Rigakafi harɗaɗɗiyar kalma ce daga riga da kafi, wato a riga abokin gaba kafa shinge. Kowa ya san ya fi magani. Matsalar ita ce abubuwa uku mabambanta sun shiga ƙarƙashinta.

Na farko allura ce irin MenAfriVac, wadda ke koya wa jiki ya gane ƙwayar cuta shekaru da dama. Na biyu maganin damina ne: ana ba yaro mai wata 3 zuwa 59 haɗin magani biyu a ranar farko, uwa ta ƙarasa ba shi na kwana biyu a gida, a maimaita kowane wata har damina ta wuce. Yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, amma kariyarsa ba ta wuce kimanin mako huɗu. Na uku shi ne azitromaisin na AVENIR, da ake bayarwa sau biyu a shekara, wanda ya rage mace-macen yara 'yan wata 1 zuwa 59 da kashi 14 cikin ɗari. Uwar da ta ji an kira na biyu rigakafi, ta auna shi da allurar da ta sani, tana da hujjar ɗauka cewa zagaye ɗaya ya wadatar, ko kuma zafin jikin da ya biyo baya ba zai zama cutar sauro ba.

Sanƙarau ya nuna wata fuskar matsalar. MenAfriVac tana kare mutum daga nau'in da masana ke kira A, kuma ta kusan kawar da shi. A 2015 nau'in C ya ɓarke a Nijar, ya kama mutum fiye da 8,000, fiye da 500 suka rasu. A kunnen wanda aka ce masa an yi masa rigakafin sanƙarau, wannan karya alkawari ne. Haruffan A da C da W da X da Y ba su da ma'ana ga wanda bai yi boko ba, amma kalmar iri tana da ita: manomi ya san gero suna ne guda, irinsa kuwa da yawa. Allurar da ta haɗa nau'o'in biyar ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023, kuma bayaninta zai fi sauƙi ga al'ummar da tun farko aka gaya mata gaskiyar iyakar ta baya.

5.0 Yarda

Tun Sanarwar Helsinki ta 1964, ƙa'ida ce kada a sa mutum cikin bincike sai da yardarsa bayan ya fahimta. Ƙasar Hausa ta ga abin da saɓani a kan wannan ke jawowa. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwaji a Kano a kan yara 200, kusan rabinsu aka ba maganin Trovan. Yara 11 suka rasu a rukunonin biyu. Iyaye sun kai ƙara cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa kuma an amince da baki. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Babban ɓangare na shari'ar tambaya ce ta harshe: me aka faɗa, me aka ji? Masana da dama suna lissafa wannan lamari cikin dalilan ƙin allurar shan inna a Kano a 2003.

Kalmomin da ake da su duk suna da wata ma'ana da ta riga ta zauna. Gwaji a asibiti gwajin jini ne, wanda ake yi domin amfanin marar lafiya. Bincike yana iya zama na likita ko na 'yan sanda. Awo kuwa na masu ciki da jarirai ne. Babu wadda a cikinsu ke cewa kai tsaye: ba mu san ko wannan magani yana aiki ba, muna so mu gano. Idan za a bayyana cewa wasu garuruwa za su samu abin da ya yi kama da magani alhali babu magani a ciki, kalmar jabu ko bogi za ta sa aikin ya zama zamba. Idan za a ce ba wanda ya zaɓi garin da zai samu wane, ƙuri'a yau ta koma ta siyasa, caca kuma haramun ce. A irin wannan wuri jimla cikakkiya ta fi ƙirƙirarriyar kalma aminci.

Sai kuma bambancin izini da yarda. Maigari da maigida suna ba da izini, kuma tsallake su rashin ladabi ne da ke rushe aiki. Yarda kuwa ta mai jiki ce ko ta uwar yaro. Kalmar to, da ake yawan rubutawa a matsayin amincewa, tana iya nufin na ji kawai, musamman daga bakin matar da kunya ta hana ta musa wa baƙo a gaban surukarta.

6.0 Kariya da Tsaro

Ruwan ƙashin baya da aka ɗiba a Madawa yana ɗauke da ƙwaya mai rai. Masana sun raba kula da irin wannan samfur gida biyu: kare mutane daga ƙwayar kada ta kuɓuce bisa kuskure, da tsare ƙwayar daga hannun wanda zai sace ta ko ya yi ɓarna da ita. Faransanci yana kiran na farko sécurité, na biyu sûreté, alhali kalmar Ingilishi mai kama da sécurité na biyun take nufi, abin da ke rikita masu fassara tsakanin harsunan aiki biyu. Hausa tana da mafita a hannu: kariya ga na farko, tsaro ga na biyu.

Tambayar mai samfur ta wuce nan: ina za a kai jinina, har yaushe za a ajiye shi, wa zai amfana? Ƙasashe ma suna yin ta. A 2007 Indonesiya ta dakatar da ba da samfuran murar tsuntsaye saboda ana yin allura da su a sayar da tsadar da ba za ta iya ba, abin da ya kai ga yarjejeniyar rabon amfani ta 2011. Abin da ƙasa ta nema a Janeba, ɗan ƙauye yana da haƙƙin jin amsarsa da harshensa.

7.0 Kammalawa

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa sassan nazarin harshe nauyi, kuma ayyuka uku suna jiran ɗalibai. Na ɗaya, tattara sunayen cututtukan mutane da na dabbobi a Adar da Gobir, kowanne da alamomin da masu harshen ke jingina masa. Na biyu, sauya yadda ake auna fassara: mayar da takarda zuwa Faransanci yana gwada mai fassara ne kawai, ingantaccen ma'auni shi ne a karanta wa uwa a Keita ta maimaita da kalmominta. Na uku, naɗar hirar neman yarda, da amincewar masu ita, a nazarci inda to ke nufin na yarda da inda take nufin na ji. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa kundin digiri na biyu, kuma sakamakonsa zai shafi adadin yaran da za a kai asibiti kafin lokaci ya ƙure.