Gyaran garka kafin a zuba iri

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. A ƙasar Tsarnawa wannan shi ne lokacin komawa garka. Garin yana bisa mararraba, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Motoci na ɗaukar albasa daga nan zuwa nesa. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen waje.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seini Kunce ta ƙarfafa noman rani a ƙasa duka. Mutane sun gane garka tana cike giɓin damina. Amma garkar da ba a shirya ba takan ci ƙarfin mai ita a banza. Ga ayyuka 5 da za a yi a watan Oktoba.

1. Auna ruwa

Shi ne aikin farko. A watan Oktoba rijiya cike take. A watan Maris ruwa ya yi ƙasa, zafi ya taso, shuka kuwa a lokacin ta fi son ruwa. Sai mai garka ya tuna inda ruwan rijiyarsa ya tsaya bara da bazara. Da wannan zai yi lissafi.

Fangali mai faɗin metir 1 da tsawon metir 5 yana shan kamar bokiti 3 na lita 10 kowace rana. Da zafi ya fi haka. Fangali 6 da sunka ƙoshi sun fi 12 masu ƙishirwa.

2. Shara

A tuge busasshen tumatir, kuɓewa da tattasai na bara, har saiwa. A duba saiwar. In tana da ƙulu-ƙulu, akwai ƙananan tsutsotsi cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Irin wannan a tara shi, a ƙone. A tsince leda da gwangwani.

3. Taki

Ciyawa da ganye masu lafiya ba a ƙona su. A gina rami, a zuba ciyawa, a bi ta da kashin dabbobi da ɗan toka, a yayyafa ruwa. A riƙa juyawa kowane kwana 15. Cikin wata 2 ko 3 taki ya nuna. Wanda anka haɗa da damina shi za a sa yanzu, na yau kuma ya jira gaba. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kawo gara da irin ciyawa.

4. Shinge

Bayan girbi ana sakin dabbobi. Akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata guda kafin azahar. A ɗaure shingen kara ko na ƙaya tun kafin a yafa iri. Wanda ya dasa lalle a gefe ya samu shinge mai rai: furensa na da ƙanshi, ganyensa mata na saye. Zogale ma a ba shi wuri, amma daga ciki, don awaki na sonsa.

5. Raba wuri

Tumatir, tattasai, tonka da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kada a mai da su inda sunka zauna bara. A sa albasa a wurin. Salati da shu a sa su kusa da rijiya. A bar hanya tsakanin fangali don kada a taka shuka.

Irin albasa yana yin kamar kwana 45 a wurin yafi kafin dashe. Tumatir kuwa sanyi yake so. In an makara, zafi ya same shi, fure ya zube, ba 'ya'ya. Da sanyin safiya akan kama fara.

Matar da ke da fangali 2 a bayan ɗaki, ita ma wannan darasi nata ne. Wanda bai gane wani abu ba, ya tambayi malamin gona.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake lissafi da ruwan bazara?
2. Wace shara ake ƙonawa, wace ake sa wa cikin rami?
3. Rijiya tana ba da bokiti 24 a rana. Fangali nawa za ta shayar?