Yunwar da Ba Ta Fita Ƙofar Gida: Darasi a kan Haƙƙin Maƙwabci a Birni

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Yunwar ƙauye a fili take. Idan damina ta gaza, kowa yana ganin rumbu wayam. Ta birni kuwa ɓoyayya ce. A Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, kasuwa tana iya cika da buhunan hatsi da shinkafa, alhali a bayanta akwai gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. An ga haka a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004: akwai cimaka a kasuwanni, amma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka.

Me ke kawo ta?

Rumbun mutumin birni aljihunsa ne. Ɗan dako, da ɗan ga-ruwa, da ɗan kabu-kabu, abin da suka samu da rana shi ake ci da dare, zazzaɓin kwana uku ya isa ya kashe murhu. Kuma kuɗin haya, da na ruwa, da na itace, da na magani, duk suna cin rabonsu tun kafin a zo ga cefane. Da yake ba ya iya sayen buhu da kaka lokacin araha, tiya-tiya yake awo har cikin damina, sa'ad da hatsi ya fi tsada. Ga baƙi daga ƙauye da suka zo biɗa, suna sauka gidan ɗan'uwa, kwano ɗaya hannuwa goma. Ga ambaliya irin ta 2020 da 2024, da rufe iyakoki a 2023 wanda ya tsadar da kaya. Ga kuma mai ɓoye cimaka yana jiran mutane su matsu, abin da hadisin Muslim ya bayyana cewa mai yin sa mai saɓo ne.

Akwai kuma dalilin da ya shafi zukata: ciyayya ta yi rauni. A da, magidanta kan fito da akusansu ƙofar gida su ci tare, wanda ba a girka a gidansa ba ya zauna ya ci, ba wanda ya tona shi. Yau katanga ta yi tsawo, ƙofa ta zama ta ƙarfe, mutum bai san sunan wanda ke haya kusa da shi ba.

Abin da addini ya karantar

A Suratul Baƙara, aya ta 273, Allah Ya siffanta wasu mabuƙata da jahili ke zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba su nacin roƙo, da alama ake gane su. Su ne mafi yawan mayunwatan birni: gwauruwa mai marayu, dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, magidancin da aiki ya yanke masa amma rigarsa fes. Ba za su zo ba, sai an je.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ash'ariyawa, idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya, Annabi (SAW) kuma ya yabe su har ya jingina su ga kansa. Ya kuma umarci Abu Zarri (RA) da ya ƙara ruwa a romo idan ya dafa, don ya kai wa maƙwabta. Ke nan ba a jiran sai an yi dukiya kafin a ciyar.

Rabon zawiya

Ƴan'uwa suna haɗuwa kullum don wazifa, kowace Juma'a kuma bayan la'asar don zikiri. Mutanen da ke ganin juna haka ba su da uzurin rashin sanin halin juna. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya daina zuwa sahu, kafin a ce himmarsa ta mutu, a bincika ko murhunsa ne ya mutu, domin da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Muƙaddami yana iya tsara abin kamar haka. Kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, ko tiya ɗaya, ko dala ashirin. Da kaka a sayi hatsi a adana, a fito da shi da damina. A zaɓi amintattu biyu cikin maza, biyu cikin mata, domin mata sun fi sanin gidan da hayaƙi bai tashi ba. A kai da dare, ba shela, ba hoto a Facebook. Kada a tambayi ɗariƙar mutum ko ƙungiyarsa, haƙƙin maƙwabtaka bai san wannan ba. Manoman cikin ikhwani su tuna da zakkar hatsi: idan ya kai ausuƙi biyar, ɗaya cikin goma ne ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala. Mai sauran ƙarfi kuma a ba shi ɗan jari. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna yadda ɗan zubin mako ke zama jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli.

Muridin da ya ja carbinsa har asuba, yaran bayan katangarsa suna kukan yunwa yana ji, ya koma ya duba tarbiyyarsa. Zikirin da ya isa zuciya yakan buɗe hannu.

Allah Ya ciyar da mai jin yunwa, Ya rufa asirin magidanta, Ya sa albarka a damina, albarkacin Manzon Allah (SAW). Amin.