Darasi na 14: Sana'ar Manna Baƙar Leda a Gilashin Mota

A manyan biranen Nijeriya, daga Legas zuwa Kano, da wuya mutum ya daɗe a bakin titi bai ga mota mai baƙin gilashi ta wuce ba. Wasu motocin haka suka fito daga kamfani, duhun yana cikin jikin gilashin. Amma da yawa daga cikinsu wata leda ce marar kauri aka manna musu daga ciki. Ledar tana rage zafin rana, tana kare kujeru daga ƙoɗewa, kuma tana hana na waje ganin abin da ke cikin mota. Manna ta sana'a ce mai zaman kanta, wadda matasa da dama ke ci da ita.

Ledar iri-iri ce, kuma da lamba ake bambanta ta. Mai lamba 35 tana barin kashi 35 cikin 100 na haske ya shiga. Mai lamba 5 kuwa kashi 5 kawai take bari. Wato gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon duhunta. Masu mota sukan so mafi duhu, amma direban da ya sa mai lamba 5 a gilashin baya zai sha wuya in ya zo komawa da baya da dare.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalbar feshi mai ruwan sabulu, da wuƙa mai kaifi, da reza, da faffaɗar roba ta matse ruwa, da na'urar hura iska mai zafi. Wanda ya zo koyo ba ya fara taɓa leda. Shara da wanke gilashi su ne aikinsa na farko, kuma ba don a wulaƙanta shi ba ne. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta maƙale tsakanin leda da gilashi, za ta zauna nan har ranar da aka ɓare ledar. Shi ya sa a lokacin hunturu masu sana'ar kan rufe ƙofa, su yayyafa ruwa a ƙasa kafin su soma aiki. Bayan wanki, sai yaro ya koyi yanka, sannan a ba shi gilashin ƙofa.

Gilashin baya shi ne na ƙarshe da maigida ke sakar wa yaronsa, domin a nan ake gane wanda ya iya. Dalili kuwa shi ne siffarsa. A yawancin ƙananan motoci yana da doro: ya lanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, ya kuma lanƙwasa daga dama zuwa hagu. Ita kuwa leda a shimfiɗe take kamar takarda. Ka ɗauki takarda ka gwada lulluɓe bayan ƙwarya da ita, za ka ga gefenta ya tattare. Haka leda take yi a kan wannan gilashi, ta tashi tsiri-tsiri kamar yatsu.

Maganin wannan shi ne zafi. Da farko a wanke bayan gilashin, a shimfiɗa ledar a kai ta waje, ɓawon da ke rufe da gam ɗinta yana duban mai aiki. Sai a danne tsakiyarta da gefe biyu, a kora duk tattarar zuwa sama da ƙasa. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin ledar ta tsawon naɗinta kaɗai take tsukewa. Tattarar da aka bari a dama ko a hagu ba za ta kwanta ba, sai dai ta karye. Daga nan a riƙa hura iska mai zafi a kan tattarar, ana bin ta da roba a hankali har ledar ta ɗauki siffar gilashin. Hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. In zafi ya yi yawa ledar za ta ƙone, in ya yi kaɗan ba za ta kwanta ba, kuma babu littafin da zai koya wa mutum tsakanin waɗannan biyu. Sai ya ɓata guntaye masu yawa tukuna. Maigida mai dabara yakan ajiye tsohon gilashi da ragowar leda don yaransa su yi gwaji, maimakon su koya a motar mutane.

In ledar ta kwanta, sai a yanke gefenta daidai, a koma cikin mota. A nan akwai wani haɗarin. Ka lura da siraran layukan da ke kwance a jikin gilashin baya? Wayoyin lantarki ne masu ɗumama gilashi don su kori raɓa, kuma a wasu motocin har eriyar rediyo tana nan. Rezar da ake kankare gilashin ƙofa da ita, in an bi ta kansu, tana iya tsinka su. Don haka da soso mai laushi ake wanke wannan gilashi. Sannan a ɓare ɓawon, a jiƙa gefen gam da ruwan sabulu, a ɗora ledar, a gyara mata zama tun tana santsi, a matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Aikin ba ya bushewa ran nan. Mai mota zai ga ɗan hazo na kwanaki, kuma dole a gaya masa kada ya goge wurin, kada kuma ya sauke gilashin ƙofa sai bayan kwana biyu ko uku.

Akwai kuma maganar doka. Tun shekarar 1991 Nijeriya take da dokar da ta hana amfani da gilashi mai duhun da ke ɓoye na cikin mota, sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Masu garkuwa da mutane da 'yan fashi sukan fake da irin wannan duhu. Saboda haka yaron kirki, kafin ya warware leda, yakan tambayi mai mota: “Ranka ya daɗe, akwai takardar izini?” In babu, gara ya kira maigidansa su yi magana, domin in an tsare motar a hanya, a gaban jami'ai za a iya sa mai ita ya ɓare aikin da ya biya kuɗinsa.

Ma'anar Kalmomi

ƙoɗewa: gushewar launi saboda rana ko wanki
doro: tudun da ke bayan abu mai lanƙwasa
tattare: taru wuri ɗaya, ya ƙi shimfiɗuwa
tsukewa: raguwar faɗi ko tsawo
raɓa: danshin da ke kwanciya a kan abu mai sanyi

Tambayoyi

1. Tsakanin leda mai lamba 5 da mai lamba 35, wacce ta fi duhu? Me ya sa?
2. Don me mai koyo yake farawa da shara da wanki?
3. Me ya sa ake kora tattarar leda zuwa sama da ƙasa?
4. Wace ɓarna reza take iya yi a gilashin baya?

Nahawu da Aiki

Lura da yadda ake jera matakan aiki: “a wanke”, “sai a danne”, “sannan a ɓare”. Hani kuwa da “kada” ake yin sa, kamar “kada ya goge”. Zaɓi wata sana'a da ake yi a unguwarku, ka rubuta jimloli shida a kan yadda ake yin ta, biyu daga ciki su zama na hani.