Fari-fari A Bakin Jariri: Yadda Ake Lissafin Magani

Ɗan'uwa ɗalibi, ka je hutu gida, a ce Sara ko Basirka a ƙasar Gwaram, ko Kantoga a Birnin Kudu. Matar yayanka ta miƙo ma jaririnta: "Kawun yara, kai ne ɗan boko, duba min bakin yaron nan, kwana biyu ba ya kama nono." Ka leƙa, sai ga fari-fari kamar kindirmo a harshe da cikin kumatu. Me za ka ce mata?

Da farko a tabbatar ba ragowar nono ba ne. Nono na gogewa da tsumma mai tsabta. Wannan kuwa maƙalewa yake, in an matsa sai wurin ya yi ja, har ya ɗan yi jini. Mai haddasa shi fangas ne, dangin funfuna, sunansa Kandida. Dama yana bakin mutane da yawa, sai garkuwar jiki ta yi rauni yake samun sake. Shi ya sa antibayotik ba ya maganinsa, hasali ma yawan shan sa na cikin abin da ke jawo shi.

Maganin farko shi ne Nystatin na ruwa, wanda Elizabeth Hazen da Rachel Brown suka gano a Amurka a 1950. Kowane mil 1 na ɗauke da yunit 100,000. Abin da aka saba rubuta wa jaririn da ya haura wata ɗaya shi ne mil 1, sau 4 a rana, kwana 7, a ƙara kwana 2 bayan farin ya ɓace. Wani likitan kan kai shi mil 2, don haka abin da ke rubuce a kati shi za a bi. Nystatin ba ya shiga jini, inda ya taɓa nan yake aiki. Ke nan bayan an gama shayarwa za a ɗiga, rabi a wannan kunci, rabi a wancan. In aka ɗura aka bi da nono, an wanke shi, an yi asarar kuɗi.

Ga lissafin: mil 1 sau 4 sau kwana 9, mil 36 ke nan. Kwalba mai mil 30 ba za ta kai ba. A kuma auna da sirinji ko abin ɗigawar da ke cikin kwali, don ƙaramin cokalin shayi kusan mil 5 yake ci.

Na biyu Miconazole na shafawa a baki. Daga wata 4 zuwa shekara 2, mil 1.25 sau 4 a rana. Daga nan zuwa manya, mil 2.5. Ana ci gaba har mako guda bayan warkewa. Ba a ba jaririn da bai kai wata 4 ba, saboda yana iya shaƙe shi, kuma mai shan Warfarin ya nisance shi, yana jawo zubar jini.

Na uku Fluconazole, wanda ke shiga jini, kuma sai likita ya rubuta. Babba kan sha miligiram 100 zuwa 200 sau ɗaya a rana, kwana 7 zuwa 14. Yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa. Misali an rubuta miligiram 3 a kowane kilo ga yaro mai kilo 10: miligiram 30 ke nan. In kwalbar ta ce miligiram 50 a mil 5, to mil 1 na da 10, sai a ba shi mil 3. Mai ciki kada ta sha ba da sanin likita ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga fari ya ragu a kwana na uku, a ajiye kwalba. Bayan mako sai ya dawo, a ce magani jabu ne. Haka in kan nonon uwa na zafi ko ya tsage, ita ma a duba ta, in ba haka ba ita da ɗan za su yi ta miƙa wa juna. Bulumboti kuma a riƙa tafasa shi. Kafin a biya mai kemis, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani.

A jariri wannan ciwo ba baƙon abu ba ne. A babba kuwa sau da yawa ɗan aike ne: ciwon suga, cuta mai karya garkuwar jiki, ko abin shaƙa na masu asma da ba a kuskure baki bayansa. Wanda ya same shi ba dalili, ko yake ta dawo masa, ya yi gwajin suga da na HIV. In haɗiya na masa zafi, mai yiwuwa ya gangara maƙoshi, maganin ɗigawa ba zai isa can ba.

To, matar yayan taka fa? Kada ka zama likitan zaure. Raka ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ka tsaya ka karanta mata abin da aka rubuta, ka nuna mata layin mil 1 a jikin sirinji. In kuwa yaron ya daina shan nono gaba ɗaya, ko ga zazzaɓi, ko mako ya cika ba sauƙi, a nemi mota sai babban asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ba sai an jira gari ya waye ba.