Yadda A Kan San Lafiyar Huhun Jariri

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce yayata ta haifi bakwaini a wani asibitin mishan kusa da garinmu. Kwana uku na yi ina kai da kawowa can, abin da na koya kuwa shi ne zan gaya muku.

Da na ga yadda ƙirjin yaron ke ɗagawa da sauri, sai hankalina ya tashi. Ungozoma ta ce mini, "Malam, dubi agogonka ka ƙirga." Na ƙirga, na sami 52 a minti ɗaya. Ta ce ba laifi.

Ga dalili. Babban mutum in yana hutawa ya kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma sabon haihuwa sau 40 zuwa 60. Numfashinsa kuwa ba ya tafiya daidai: ya yi sauri, ya ɗan dakata, sa'an nan ya ci gaba. Saboda haka lalle a ƙirga minti ɗaya cif, lokacin da yaro ba ya kuka. In an sami 60 ko fiye, a sake ƙirgawa. In ba ta sake ba, sai asibiti.

Ban da ƙirga, a duba abu huɗu: ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ƙwarai in ya ja iska, ko yana nishi, ko ƙofofin hancinsa na buɗewa, ko harshensa ya yi shuɗi-shuɗi. Ko ɗaya aka gani, kada a jira gari ya waye.

A asibitin kuma na ga an ɗaura masa wata 'yar na'ura a ƙafa, ba allura, ba ɗibar jini. Haske iri biyu take turawa cikin ƙafar, ja da wani wanda ido ba ya gani. Jinin da ya sami isasshen oksijin daga huhu ja wur yake, yadda yake shan haske kuma dabam ne da na wanda bai samu ba. Da wannan bambanci na'urar ke lissafi. Wani injiniya mutumin Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano wannan dabara a farkon shekarun 1970.

To, da yawa cikinmu ƙauyuka za a tura mu, inda ba wannan na'ura. Amma agogo da ido ba su gagari malami ba. Mu sa wannan ƙirga cikin darasin kiwon lafiya na manyan azuzuwa, maza da mata, gama su ne iyayen gobe.

Ɗan yayata yana gida yanzu, yana shan mama sosai. Allah ya raya shi.